Wai da gaske Cubase ta fi FL Studio nauyin sauti, ko kunnenmu ne ke yaudararmu?

Nura Bits:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Don Allah manya a taimaka, akwai abin da ya tsaya min a rai tun shekaranjiya. Wani mawaƙi ya kawo min waƙar biki, na buga masa kiɗa, na ɗauki murya, na yi miksin, duk a FL Studio kamar yadda na saba. Ya ji a sitidiyo ya ce ta yi. Da ya koma gida sai ga kiransa, wai abokinsa ya ce ai ba a miksin a FL, sautinta siriri ne, in yana son aiki irin na manya sai a kai wa mai Cubase. Ya zo ya karɓi fayilolin layi-layi ya kai Kano. Jiya ya turo min abin da aka yi masa, kuma tsakani da Allah ya fi nawa cika kunne. To manhajar ce ta yi wannan, ko hannun mutumin? In manhaja ce gara in fara koyon Cubase tun da sauran ƙuruciya.

Oga Sadik:
Wa alaikumus salam. Ƙanena abokin nasa bai yi ƙarya ba. FL ta buga kiɗa ce, a nan ba mai ja da ita. Amma in aka zo haɗa murya da kiɗa, Cubase daban take. Bes ɗinta yana zama, muryar tana fitowa gaba, ga faɗi. Na fi shekara goma sha biyar ina wannan aiki a Zoo Road, ko a mota aka kunna waƙa zan gaya maka a wace manhaja aka haɗa ta. Kar ka manta Steinberg ne suka ƙirƙiro VST (tsarin filogin, wato ƙananan manhajojin gyaran sauti) da ASIO (direban saun-kad) da kowa ke ci da su yau. Wanda ya kafa kasuwa ai ya fi kowa sanin lungunanta.

Ɗan Jos:
Oga ko a mota? 😂 To a Keke Napep fa, inda sifika ɗaya ce kuma ta fashe?

Oga Sadik:
Kai dai ba ka da aiki sai ba'a.

Maryam Sauti:
Yaya Sadik, da girmanka, amma a nan ban bi ka ba. Bari in faɗi abin da manhaja take yi in an ce tana haɗa sauti, daga nan kowa ya auna da kansa.

Sauti in ya shiga kwamfuta ya daina zama sauti, ya koma lambobi. In kana aiki a 44.1 kHz, kowace daƙiƙa ɗaya ta murya lambobi 44,100 ce a jere. Layin kalangu ma haka, layin fiyano ma haka. To mene ne miksin a wajen manhaja? Ta ɗauki lambar farko ta murya, ta ninka ta da inda ka ajiye feda, wato maɓallin ƙarar layin, ta ɗauki ta kalangu ta yi mata haka, sannan ta tara su. Ta koma ta biyu, ta uku, har waƙa ta ƙare. Ninkawa da tarawa, lissafin firamare. Biyu a tara da uku biyar ne ko a kalkuleta ta Casio ko a ta wayarka. Babu inda ɗumi ko nauyi zai shiga cikin wannan tarawar, sai dai in wani ya sa shi da gangan.

Kuma duk manyan manhajojin yau, FL, Cubase, Logic, Reaper, Studio One, Ableton, Pro Tools, suna wannan lissafi ne da tsarin lamba mai yawo, bit 32 ko 64. Ɗan kuskuren da ke saura wajen zagaye lamba yana can ƙasa ƙwarai, ƙasa da inda saun-kad ɗinka ma zai iya fitarwa, balle kunne.

Oga Sadik:
Malama Maryam wannan karatun boko ne. Ni kunne nake aiki da shi, ba kalkuleta ba. Abin da na ji na ji.

Maryam Sauti:
Ban ce ba ka ji ba Yaya. Ka ji bambanci, na yarda ɗari bisa ɗari. Musun da nake yi a kan inda bambancin ya fito ne.

Khalifa_07:
Ni dai sabon shiga ne ina karatu a gefe. Anti Maryam to daga ina yake fitowa?

Maryam Sauti:
Wurare da dama ne Khalifa, amma babbansu ƙarfin sauti. Kunnen ɗan Adam in aka ba shi abu biyu iri ɗaya, ɗaya ya ɗara ɗaya ƙarfi da ko desibel ɗaya, ba zai ce wannan ya fi ƙara ba, cewa zai yi wannan ya fi daɗi, ya fi bes, ya fi haske. Dalili kuwa kunnenmu ya fi kama tsakiyar sauti, wajen 2 zuwa 5 kHz, sai an ƙara ƙarfi sannan ƙasa da sama suke cikowa. Fletcher da Munson sun auna wannan a Amurka tun 1933. Shi ya sa masu gwaji na gaskiya suke daidaita ƙarfi har zuwa 0.1 dB kafin su saurara.

Yanzu duba yadda manhajoji suke zuwa daga kamfani. Akwai abin da ake kira dokar karkata sauti, wato in layi mono yana tsakiya, nawa za a rage masa don kar ya fi ƙarfi tunda sifika biyu ke fitar da shi. Cubase tana rage kusan desibel 3 a tsakiya. Reaper ba ta rage komai sai ka ce mata. Ableton tana barin tsakiya yadda yake, ta ƙara desibel 3 in ka kai layin can ƙarshen hagu ko dama. Pro Tools a da 2.5 take ragewa, sai daga baya suka ba mutum zaɓi. Kenan ka zuba fayiloli iri ɗaya a manhaja biyu, ba ka taɓa komai ba, amma muryar tana zaune a wuri daban a kan kiɗan. Sai mutum ya ce kai, wannan ta fi fito da murya! Saiti ne kawai, a yawancinsu a menu ɗaya ake sauya shi.

Nura Bits:
Ikon Allah. Wallahi ban taɓa sanin akwai wannan saitin ba.

Maryam Sauti:
Kai naka ma ina zargin wani abu daban ne. Buɗe aikin ka duba layin masta, inda duk layuka ke taruwa. A nau'o'in FL da yawancinmu muka tashi da su, sabon aiki yana buɗewa da Fruity Limiter a zaune a masta. Yaro ya yi ta tura kik da bes har su wuce sifili, limita tana ta danne su a ɓoye, kiɗa ya fito a matse ba numfashi, shi kuma bai san da zamanta ba. Sannan sautin da ka jefa a Sampler yana fitowa ƙasa da kusan desibel 5 in ka kwatanta da wanda ka ajiye kai tsaye a Playlist. Image-Line da kansu sun rubuta wannan a littafin jagorarsu.

Nura Bits:
Na duba. Tana nan 🙈 kuma tana aiki sosai, layin nan sai nutsewa yake duk bugun kik.

Ɗan Jos:
To fa. Ashe ɓarawon a cikin gida yake kwana.

Oga Sadik:
Ai kun ga kun dawo maganata. Manhajar da za ta sa maka limita ba ka tambaya ba, ai ta canja sauti kenan.

Ɗan Jos:
A'a Oga, kar ka zame. Da farko cewa ka yi bes ɗin Cubase yana zama, kamar wani sinadari ne a cikinta. Yanzu kuma ka koma kan limita da ake cirewa da danna ɗaya. Ni Ableton nake amfani da ita, mu ma muna da namu tarkon. In ka jefa dogon fayil tana kunna masa Warp da kanta don ya bi bugun aikin, in bugun bai zo daidai da na asali ba sai ta fara jan sautin, kuge da shantu su riƙa wani ɓalli-ɓalli. Shekaru mutane suna cewa Ableton na ɓata sauti, ashe wannan ne. Har sai da kamfanin ya ware babi guda a littafinsa yana lissafa abubuwan da ba sa taɓa sauti ko kaɗan da waɗanda suke taɓawa.

Baba Ɗanladi:
Salamu alaikum yara. Jikata ce ta nuna min ana muhawara, na ce bari in sa baki ko da yatsa ɗaya nake rubutu.

Ni na yi aikin injiniyan sauti a gidan rediyo tun zamanin faifan tef mai zagaye, lokacin da in za ka gyara magana sai ka sa reza ka yanke tef ɗin ka liƙe. A wancan zamani maganar Sadik gaskiya ce tsantsa. Teburin haɗa sauti wani da wani ba ɗaya ba ne. Wuta ce ke bi ta cikin tiransifoma da waya da ƙananan kayan ciki, kowane yana barin ɗan tabonsa. Neve daban, SSL daban, kai ko layi na 3 da layi na 4 a tebur guda ba sa zama daidai in ya tsufa. Tef ma in ka tura shi da ƙarfi yana lanƙwasa sauti ya yi wani taushi mai daɗi, kuma gudun inci 15 a daƙiƙa ba ya yin sauti irin na inci 7 da rabi. Da wannan tunanin mutanenmu suka shigo kwamfuta, suna zaton kowace manhaja tebur ce.

Kuma a farkon kwamfutar ma akwai ƙamshin gaskiya. Tsohuwar Pro Tools mai katin TDM lissafinta na tsayayyar lamba ne, in ka cika ƙarfi tsakanin filogin da filogin sai ya fashe, alhali Cubase ta lokacin tana da sarari. Sai a 2011 da suka fito da HDX suka koma lamba mai yawo. To ka ga musun yana da asali, sai dai abin da ya haife shi ya mutu, shi ya ƙi mutuwa.

Amma bari in ba ku labari kan kunne. Wata rana muna ɗaukar wani makaɗin kukuma da 'yan amshinsa. Ya dage wai kukumarsa ba ta fita, a ƙara mata. Ni kuwa na san in na ƙara za ta binne muryarsa. Sai na kama wata feda da ba a haɗa ta da komai ba, na tura ta sama a hankali yana kallo. Ya ce yawwa, dakata nan, yanzu ka yi aiki! Har ya yi min kirari. Na yi ta dariya a zuci ina ganin na yi wa mutumin ƙauye wayo. Ba a yi wata biyu ba na zauna ina gyara muryar mai karanta labarai, ina murɗa ikwalaiza, ina jin tana gyaruwa, na kusa minti biyar ina lallaɓa ta. Da na gama na duba, maɓallin da ke shigar da ita a kashe yake. Tun ranar na daina rantsuwa da kunnena in idona na kallo.

Ɗan Jos:
Baba ran ka ya daɗe, wato gani ya kori ji kenan a zahiri 😂

Oga Sadik:
Allah ya ƙara girma Baba. Ba zan yi musu da kai ba, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Amma ni dai har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba.

Baba Ɗanladi:
Kar ka bar musu saboda furfurata Sadik. Ka gwada. Maryam gaya masa yadda ake yi.

Maryam Sauti:
To Baba. Sunansa gwajin shiru, kuma ba ya buƙatar kunnen kowa. Ka ɗauki fayilolin WAV na waƙa ɗaya, ka zuba su a manhaja ta farko, duk daga farkon layi, feda a sifili, kowa a tsakiya, ba filogin ko ɗaya, masta fanko. Ka fitar a WAV bit 32. Ka yi haka a manhaja ta biyu. Sai ka ɗora sakamakon biyu a kan juna, ka juya fuskar ɗaya, wato inda igiyar ta hau ta koma sauka. In iri ɗaya ne za su cinye juna, ka ji tsit. Duk abin da ya rage, shi ne ainihin bambancin, ba ƙari ba ragi. Yaya Sadik in ba ka da wata manhajar, sauke Reaper, ba ta da nauyi kuma suna ba da kwana 60 na gwaji.

Oga Sadik:
Zan yi yanzu. An kawo wuta. In ban ji shiru ba kuwa sai kin ba ni haƙuri a gaban kowa.

Issoufou Maraɗi:
Kafin Oga ya dawo, ni ina da tawa. Mu nan Maraɗi yawancin aikin da muke yi a waya ake jin sa, ko a 'yar sifikar Bluetooth ta mai shayi. Wayar da sifikarta ɗaya ce, duk faɗin da kake taƙama da shi ya tafi. Sannan mawaƙi zai ce ka turo masa ta WhatsApp, shi ya tura wa wani, wani ya mayar MP3 na 128, wanda ke yanke duk abin da ya haura wajen 16 kHz. Wani ma kunna waƙar zai yi ya ɗauka da saƙon murya ya tura. Bayan duk wannan wahala wa zai gane Cubase daga FL? Nura, kai da ka ce nasu ya fi naka, a wane fayil ka ji naka, a wane ka ji nasu?

Nura Bits:
Nasu WAV ne ya turo a matsayin dokumen. Nawa kuwa MP3 ɗin da na ba shi ne na sake kunnawa. Kuma yanzu da na sa su a mita, nasu ya fi nawa ƙarfi da kusan desibel 4, don su sun yi mastarin, wato gyaran ƙarshe, ni ban yi ba.

Issoufou Maraɗi:
To ka gani. Ka haɗa doki da jaki tsere ka ce laifin hanya ne.

Khalifa_07:
Tambaya a gefe don Allah. Ni ɗakina na manna kwalin ƙwai ko'ina amma bes sai ya yi yawa a kusurwa, a tsakiya kuma ya ɓace. Manhaja ce ko sifika?

Maryam Sauti:
Ba ko ɗaya, ɗakin ne. Kwalin ƙwai ba ya taɓa bes, ɗan saman sauti kawai yake ragewa, ga haɗarin gobara. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. In tsawon ɗakinka mita 3 da rabi ne, raba 343 da 7, ka samu 49. To wajen 49 Hz sautin zai riƙa kai da komo tsakanin bango biyu, ya taru a jikin bango, ya soke kansa a tsakiyar ɗaki. Daidai inda kik da bes suke zama kenan. Matsar da kujerarka daga tsakiya, ka cika kusurwoyi da abu mai kauri. Wannan kaɗai zai canja miksin ɗinka fiye da sauya manhaja sau goma.

Oga Sadik:
Na dawo! Malama Maryam shirya ban haƙuri. Na yi yadda kika ce, Cubase da Reaper, na juya fuska. BABU SHIRU. Ina jin murya raɗau, ina jin bes, ina jin kalangu. Fiyano da sauran kiɗan kibod ne kawai suka ɓace.

Ɗan Jos:
Kai! An zo wajen. Anti Maryam ina kike?

Maryam Sauti:
Ina nan 😄 Yaya, waɗanda suka rage ɗin, murya da bes da kalangu, fayilolinsu mono ne ko sitiriyo?

Oga Sadik:
Mono. Da makirufo ɗaya na ɗauke su, bes kuma waya ɗaya.

Maryam Sauti:
Waɗanda suka ɓace kuma sitiriyo ne daga Yamaha PSR ɗinka, ko? To ka ga gwajin ya nuna maka ɓarawon da yatsa. Da a ce injin tarawar ne ya bambanta, da fiyano ma bai ɓace ba. Dokar karkatawar nan ce da na faɗa ɗazu, Cubase ta rage wa layukan mono desibel 3, Reaper ba ta rage ba. Shiga Project Setup, ka mayar da ita 0 dB, ka sake fitarwa.

Oga Sadik:
To.

Ɗan Jos:
Minti ashirin kenan. Ko NEPA ta kawo wa Oga agaji ne?

Oga Sadik:
Shiru. Na ƙure ƙarar sifika har ƙarshe, ba komai sai hucin sifikar kanta. Mita ma ba ta motsa ba. Na sake yi da wata waƙar mai layi 31, haka dai.

Na yarda da wannan. Amma ku tsaya, kar a yi min taron dangi, don ban gama ba. Wa yake miksin ba filogin? Wa yake barin feda a sifili? Abin da kuka gwada ba miksin ba ne, tara fayil ne. Ni in na buɗe Cubase, ikwalaizarta da kwamfuresarta suna jikin kowane layi, ga VariAudio da nake gyara muryar mawaƙi harafi-harafi tun Cubase 5. Reverb ɗinta ba irin na FL ba ne. Waɗannan ai sauti ne, kuma da manhajar suke zuwa.

Maryam Sauti:
A nan kam muna tare, ban da ja. Filogin ɗin da kowace ke zuwa da su daban ne, kuma suna da sauti daban. Kwamfuresa biyu ko ka sa musu lambobi iri ɗaya ba lallai su kama iri ɗaya ba, don kowane kamfani da yadda yake auna saurin kamu da saki. Jan sauti don ya bi bugu, ɗaga murya ko sauke ta, juya 44.1 zuwa 48, duk waɗannan lissafi ne mai wuya da kowa ke da dabararsa, kuma ana iya jin bambanci. Ko da yake a wajen jan sauti da yawansu injin élastique na kamfanin zplane suke haya, Cubase da FL da Reaper duk suna da shi. Akwai ma manhajar da aka gina ta musamman don ta rina sauti, Harrison Mixbus, wadda ke kwaikwayon teburinsu da taushin tef. Studio One ma tana da Console Shaper in ka kunna. Waɗannan ba za su yi shiru a gwaji ba, kuma ba su ɓoye ba, da shi suke talla.

Abin da nake ƙi shi ne a ce wa yaro kamar Nura wai manhajarsa ce ba ta da nauyi. In ka ɗauki filogin ɗaya na waje, ka ce FabFilter ko Waves, ka sa shi a FL ka sa shi a Cubase da saiti ɗaya, abu ɗaya zai ba ka. Sai dai irin reverb da koros masu yawo da kansu, waɗanda ko a manhaja ɗaya ka fitar sau biyu ba za su cinye juna ba.

Baba Ɗanladi:
Sadik akwai gaskiyar da kake riƙe da ita amma ba ka kira ta da sunanta ba. Manhaja ba ta canja sauti, amma tana canja mai aikin. Inda hannunka ya saba, nan kake yanke shawara da sauri, kafin kunne ya gaji. Wadda ta sa maka ikwalaiza a gabanka za ka riƙa taɓa ta, wadda ta ɓoye ta sai ka manta. Wadda fedarta doguwa ce za ka yi motsi kaɗan-kaɗan. Kuma wanda ya zauna a Cubase a garin nan yawanci mutum ne da ya daɗe yana ɗaukar murya, wanda ke FL kuma yawanci yaro ne da ya fara da buga kiɗa a laftof. In ka ji waƙa a mota ka ce wannan Cubase ce, shekarun mutumin kake ji. Sau da yawa za ka canka daidai, amma ba don dalilin da kake zato ba.

Oga Sadik:
Wannan ta shige ni Baba. Sai dai akwai ta kasuwa kuma. Mawaƙi in ya shigo ya ga FL a allo sai ya fara neman ragi, wai ai wannan ƙaninsa ma yana da ita a gida. In ya ga Cubase ko Pro Tools sai ya gyara zama. Wannan ba gwajin shirun da zai goge shi.

Issoufou Maraɗi:
Wallahi haka ne. Ni akwai wanda na buɗe wa wata manhajar a allo na biyu don kawai ya gani, aikin kuwa a inda na saba na yi shi. Ya biya bai ce uffan ba.

Maryam Sauti:
Issoufou wannan kuma fedar Baba ce ka sabunta 😂 Amma tunda an zo maganar aikin kuɗi, ga wadda ta fi cin mutane a aikin fim. Bidiyo a 48 kHz yake tafiya. In ka yi waƙar fim a 44.1 aka karanta ta a matsayin 48 ba tare da an juya ba, za ta ƙara sauri, murya ta hau kusan mataki ɗaya da rabi na maɓallan fiyano, bakin jaruma ya daina bin waƙa. Na ga an zagi edita, an zagi manhaja, alhali tun ranar ɗauka aka yi kuskuren. Ku tambayi mai aiki tun farko, na fim ne ko na sauraro.

Nura Bits:
Nima na yi nawa gwajin, FL da Reaper. Da farko akwai wani siririn tsaki da ya rage can sama. Na bincika, ashe fayilolin 48 ne, ni kuma na fitar a 44.1, kowace manhaja ta juya da irin tata dabarar. Da na daidaita komai a 48, na cire limita, na tabbatar ba layin da ake ja, sai tsit. Na kuma sauke nasu na Kano da desibel 4 na saurara ido a rufe, ƙanwata tana sauya min. Har yanzu nasu ya fi, amma yanzu na ji a ina: sun share ƙasan muryar inda take gunji, sun rage reverb, kuma 'yan amshi sun buɗa su hagu da dama, ni na tara su a tsakiya. Duk ba wanda ba zan iya yi a inda nake ba.

Khalifa_07:
Don Allah wa zai taimaka min da linkin Cubase wadda aka fasa, da Waves gaba ɗaya 🙏

Admin:
Khalifa na goge saƙon da ka turo bayan wannan. Doka ta 4, ba a raba fasassun manhajoji a nan. Kuma da ka karanta abin da aka yi ta faɗa tun safe da ka ga ba ita ce matsalarka ba, je ka ciro kwalin ƙwai tukuna.

Oga Sadik:
Nura turo min fayilolin waƙar nan a WAV, in mai ita ya yarda. Zan haɗa ta sau biyu, ɗaya a Cubase ɗaya a FL, da hannuna. Maryam ta daidaita ƙarfinsu ta cire suna, ta sa A da B, a jefa a nan kowa ya canka. Ni ma zan canka bayan sati ɗaya in na manta. In na kasa gane tawa, shayi da ƙwai na duk wanda ya zo Zoo Road a kaina.

Ɗan Jos:
A rubuta a ajiye. Ni daga Jos zan taso, kuma da indomi nake ci.

Maryam Sauti:
Na karɓa, amma biyu ba su isa ba, ko kwabo aka jefa zai faɗa daidai rabin lokaci. Zan yanka gutsure goma in cakuɗa su. Sai ka ci tara sannan mu ce kunne ne.

Nura Bits:
Ya yarda Oga, na tura ta imel.

Oga Sadik:
Sun shigo. Na buɗe FL ɗin yarona. Wai ina miksar wannan abin take ne? Ina ta danna F3 ba ta fito ba.

Nura Bits:
F9 ne Oga. Kuma ka duba masta kafin ka fara 🙈